Neman Kuratan Soja ta Intanet: Ina Laifin Yake?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni malamin sakandare ne a Gusau. Ɗalibaina sun kawo labarin cewa sojojin Amurka suna neman kurata ta hanyar wasannin kwamfuta, har muka yi muhawara a aji. Wasunsu sun ce ai mu ma a Najeriya ta intanet ake cike takardar shiga soja, don haka duk kanwar ja ce. Shin haka ne?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Labarin gaskiya ne, amma ban yarda duk ɗaya ba ne. Matashin da ya kai shekara 18, ya buɗe shafin rundunar sojan Najeriya da kansa, ya cike takarda kyauta, aka tantance shi kafin ya isa Depot ta Zariya, wato cibiyar horar da kuratan soja, shi ya je neman abin da yake so, kuma intanet ta rage masa wahalar tafiya ne kawai. Wannan ba ni da ja a kansa.

Na Amurka daban ne. Tun da ƙasar ta daina tilasta wa matasa shiga soja a 1973, sai ya zama rundunar ce take zawarcinsu, kuma a 2002 ta fitar da wasan harbe-harbe na kyauta mai suna America's Army, wanda ba a rufe shi ba sai a 2022. A 2020 kuma aka yi ca a kan tawagar 'yan wasan kwamfuta ta rundunar da ke Twitch, dandalin kallon masu wasan kwamfuta kai tsaye da ke karɓar yara tun daga shekara 13, bayan da aka gano cewa wanda ya latsa sanarwar gasar cin kyautar na'urar sarrafa wasan Xbox, takardar masu sha'awar shiga soja take buɗe masa. Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, masu kallon da suka yi tambaya a kan laifukan yaƙi an toshe su. 'Yar majalisa Alexandria Ocasio-Cortez ta nemi a hana kashe kuɗin gwamnati a irin wannan neman kurata, amma majalisar wakilai ba ta amince ba.

Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta shekarar 2000 a kan yara da yaƙi ta ce ƙasar da za ta karɓi wanda bai kai 18 ba, dole ya zo da son ransa, iyayensa su amince, a kuma yi masa cikakken bayanin aikin. Amurka tana karɓar ɗan shekara 17 da sa hannun iyaye, don haka a takarda ba ta saɓa ba. Sai dai ina amfanin sa hannun uba a shekara 17, alhali tun yaro yana 13 mai talla ya bi shi har ɗakin uwarsa ya gama saye zuciyarsa? A wasa wanda aka harbe tashi yake yi ya ci gaba, ba a nuna masa wanda ya dawo babu ƙafa, ko wanda barci ya ƙaurace wa shekara da shekaru.

Aikin soja aiki ne mai daraja, shi ya sa nake ganin bai kamata a lulluɓe shi da wasa ba. Idan a cikin ɗalibanka akwai mai sha'awa, Malam, ka gayyato tsohon sojan da ya yi Laberiya ko Arewa maso Gabas ya zauna da su, ka bar su su yi masa kowace irin tambaya.