Shukar da za ta rufe ƙasan tankin kifi mai ƙarancin haske

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina da tankin gilashi na kifin ado a falo, mai cin lita 60. Fitilar da ta zo da shi kawai nake kunnawa, kuma ba ni da na'urar iskar CO2, wato iskar da ake ƙara wa ruwa don shuka ta yi saurin girma. Ina ganin hotunan tankuna a intanet, ƙasansu kore shar, ko yashi ba a gani. Wace shuka zan sa ta shimfiɗu haka, wadda ba za ta cinye mini lokaci ba? Daga wata mai karatu a Kaduna.

Amsa: Wa'alaikumussalam, Malama. Yawancin hotunan da suka ɗauki hankalinki na wata shuka ce mai suna Hemianthus callitrichoides, 'yar asalin Kuba. Ita kuwa sai da fitila mai ƙarfi da CO2 kullum. In kika sa ta a tankinki, za ta miƙe sama neman haske, gindinta ya ruɓe, wata safiya ki tarar da ita tana yawo a saman ruwa. Ki bar wa masu kuɗin kashewa.

Sagittaria subulata nake ba ki shawara. Daga nahiyar Amurka ta fito, ganyenta siriri ne, kuma ba ta da tsirfa. Ko ruwanki irin na burtsatse ne da ke barin farin tabo a cikin buta, za ta rayu. Jijiya take turawa ta ƙarƙashin yashi, 'ya'ya su ɓullo nan da can, har su haɗe. Aibinta ɗaya ne: in haske ya yi kaɗan tana tsawo, santimita 10 zuwa 15, wani lokaci ma fiye. Duk ganyen da ya yi zarra ki yanke shi daga tushe.

Wajen dashe ne mutane suke yin asara. Kada ki dasa tukunyar a dunƙule yadda kika sayo ta. Ki cire audugar da ke riƙe da jijiyoyin, ki raba su ɗaya-ɗaya, ki dasa kamar dashen shinkafa, da tazarar santimita 3 ko 4. Kaurin yashi ya kai santimita 5, jijiya kaɗai za ki binne, wuyan shukar ya tsaya a waje. Ta jijiya take cin abinci, saboda haka ki tura ƙwayoyin takin tankin kifi cikin yashi duk bayan wata biyu ko uku. Don Allah ban da takin gona. Yuriya na komawa amoniya a cikin ruwa, kuma kifinki ne zai fara mutuwa. A makonnin farko tsofaffin ganye za su iya yin rawaya su narke, domin gonakin da ke sayar da su ba a nutse cikin ruwa suke rainonsu ba. Kada ki tuge, sabbi na tafe.

In gajera sosai kike so, akwai Marsilea hirsuta ta Ostireliya. Takan zo da ganye mai kunne huɗu, a cikin ruwa kuma ta koma fitar da ƙananan ganye masu kunne ɗaya. Tana jure ƙarancin haske, sai dai watanni za ki jira. Cryptocoryne parva ta Siri Lanka ta fi ta nawa, shekara na iya shuɗewa ba ta rufe tafin hannu ba.

Za a ce miki ki ɗaure Java moss, wani tsiron ruwa mai laushi da ke mannewa a jikin abu, da zare a kan faffaɗan dutse. Yana yin kyau, amma ni ban cika son sa a ƙasarmu ba. Zafin Afrilu in ya kai ruwa digiri 30 sai ya fara yin ja, ga tara datti.

Fitila awa 6 zuwa 8 ta isa. In an ɗauke wuta yini guda ba abin da zai same su, kada ki ce za ki rama da kwana ana haske, gansakuka ce za ta ci riba. Haka ma hasken rana ta taga.

Ba ki faɗa mini irin kifinki ba. In goldfish ne, to sai haƙuri, domin tonon yashi ne aikinsa, zai tuge duk abin da kika dasa. In kuwa guppy ne ko tetra, ki sayi tukunya uku ko huɗu ki fara, cikin wata uku zuwa shida gaban tankin zai rufe.