Tambaya da Amsa: Me ake haɗawa a cikin siminti?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina buga bulo a Aboabo, Kumasi. Wani lokaci da na kwaɓa siminti sai ya sandare tun ba a yi minti goma ba. Abokan aiki sun ce sinadarai ake zuba masa a masana'anta. Wannan ba algus ba ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ana zubawa, kuma ba algus ba ne muddin an bi ma'auni. Asalin siminti klinka ne, wato dutsen farar ƙasa da yumɓu da aka gasa a zafin digiri 1450. Yawancinsa ta jirgin ruwa yake zuwa mana, a niƙa shi a Tema da Takoradi, kuma a wurin niƙan ake haɗin.

Wanda ya shafi matsalarka shi ne jifsam, wani farin ma'adini da ake niƙawa tare da klinka, kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari. Shi ke hana siminti saurin kamawa. In ya yi kaɗan, kwaɓin zai kama nan take, ya ɗauki zafi, kuma ba ya gyaruwa. In kuwa injin niƙa ya yi zafi fiye da kima, jifsam ya bushe ya koma irin hodar POP, sai kwaɓin ya sandare amma babu zafi. Wannan sandarewar ƙarya ce. Ka ci gaba da juyawa da shebur, zai saki. Don Allah kada ka ƙara ruwa, domin ƙarin ruwan shi ke sa bulo ya riƙa marmashewa. Bisa ƙa'ida, siminti mai lambar ƙarfi 32.5 a jikin buhu ba ya fara kamawa kafin minti 75, mai 42.5 kuwa minti 60.

Ana kuma haɗa garin dutsen farar ƙasa. Duba buhunka: CEM II/A-L na nufin kashi 6 zuwa 20, B-L kuma 21 zuwa 35. Akwai ruwan sinadari ɗan kaɗan, bai kai kilo ɗaya a tan ba, mai hana gari manne wa ƙwallayen ƙarfen injin.

Kafin ka zargi masana'anta, duba ma'ajiyarka. Buhun da ya sha danshin damina ko ya wuce wata uku yakan yi gudaji, ƙarfinsa ya ragu. Ka ɗora buhuna kan katako, nesa da bango. In sabon buhu ne kuma kwaɓin yana zafi, ka ajiye buhun da rasit ka kai ƙara Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Ghana, GSA.