Tambaya da Amsa: Yaya Sauti Ke Auna Lakar da ke Cikin Kogi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne daga Yawuri, mahaifina masunci ne. Malaminmu ya ce akwai na'urar da ke gane yawan laka da yashin da kogi ke ɗauke da su ta hanyar sauti kawai. Abin ya ɗaure mini kai. Ta yaya sauti zai auna abin da ido ma bai iya rarrabewa?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Malaminku ya faɗi gaskiya, kuma tambayarka ta faranta mini rai, don ka taso a bakin Kwara, inda amfanin wannan ilimi yake a fili.

Ka tuna yadda muryarka ke dawo maka idan ka yi kira a bakin rijiya. Na'urar ma amsa-kuwwa take saurare. Tana harba ɗan gajeren sauti cikin ruwa, mai siririyar murya ƙwarai. Kunnen ɗan Adam ba ya jin abin da ya wuce kaɗawa 20,000 a daƙiƙa, ita kuwa na'urar da aka fi sani, mai suna ADCP, ana samun wadda sautinta ke kaɗawa 600,000 ko 1,200,000. Sauti na gudun kusan mita 1,500 a daƙiƙa cikin ruwa, don haka ƙwayar yashin da ke nesa da mita 3 za ta mayar da amsa cikin kashi 4 cikin 1,000 na daƙiƙa. Lokacin dawowar shi ke nuna nisa, ƙarfin amsar kuma ya nuna yawan abin da ke yawo a wurin.

Inda gizo ke saƙa shi ne girman ƙwaya. Tsirarun ƙwayoyin yashi masu kauri na iya mayar da amsa daidai da ta ɗimbin ƙanana. Da murya ɗaya ba za ka bambance su ba. Shi ya sa ake harba muryoyi biyu ko uku, a kwatanta amsoshin, domin kowace murya da girman ƙwayar da ta fi kamawa. Laka kuma, wato ƙwayar da ba ta kai milimita 0.063 ba, halinta daban ne: maimakon ta mayar da sauti sosai, shanye shi take yi. Sai a duba yadda sautin ke dusashewa da nisa a ƙiyasta yawanta. Da irin wannan dabara hukumar binciken ƙasa ta Amurka ke bibiyar yashin kogin Kolorado dare da rana.

Ka tambayi Baba, zai gaya maka ruwan Kwara iri biyu ne. Na damina yakan zo a turɓune kamar kunu, ɗauke da ƙasar gonaki. Na lokacin sanyi kuwa daga tsaunukan Gini ya taso, ya sauke lakarsa a fadamun Mali, ya iso muku a tace. Duk abin da na farkon ya kwaso, da ya shiga tafkin Kainji, wanda aka datse a 1968, gudunsa ya ragu, sai ya fara kwantawa a ƙasa. Ni abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya ke nan: dam yakan cika da ƙasa a hankali ba wanda ya gani, sai an wayi gari ruwan da yake riƙewa ya ragu.

Amma kada ka ɗauka na'urar ta kori aikin hannu. Kumfar iska, ƙananan halittun ruwa, har garken kifi, duk suna mayar da amsa, su ruɗe ta. Dole a zura kwalba a ɗebo ruwan a wuri ɗaya da lokaci ɗaya, a tace shi a farar takarda, ta koma launin ƙasa, a busar da ita, a ɗora a sikeli a ga miligiram nawa ke cikin lita guda. Da wannan awo ake saita na'urar, kuma saitin ruwan damina ba lallai ya yi wa na sanyi daidai ba.

Idan kana son ka gani da idonka, cika kwalba da ruwan kogi a watan Agusta, ka girgiza ka ajiye. Yashi zai zauna cikin minti ɗaya, laka kuwa sai ta kwana ba ta gama sauka ba.