Tambayoyinku kan kiɗan tango: me za a saya, me za a guje wa

Na ji tango a wani fim ya shiga raina, amma datata ba ta isa in yi ta lalube ba. Da wanne zan fara?

Kwantar da hankalinki, 'yar'uwa, uku sun ishe ki. Fara da La Cumparsita ta ƙungiyar Juan D'Arienzo, ɗaukar 1937. Bugun a fili yake, gajere kuma da kaifi, piyanon Rodolfo Biagi na cike gurbi da 'yan tsalle-tsalle. Sai Bahía Blanca ta Carlos Di Sarli, 1957, wadda ya sa wa sunan garin haihuwarsa. Nan masu goge ne a gaba, kiɗan na tafiya a natse da ɗan kewa, hannun hagun mai piyano na riƙe da ƙasa. La Yumba ta Osvaldo Pugliese, 1946, bar ta ƙarshe. Yakan danna bugu na ɗaya da na uku da nauyi, ya ja lokaci ya saki, kuma sabon kunne kan rikice.

An tura mini tango babu ganga ko ɗaya. An cuce ni?

Haba Malam. Ƙungiyar tango ta Buenos Aires, babban birnin Ajantina, bandoneon ce (abin kiɗa mai zugazugi da maɓallai, da ake ja ana matsawa) kamar huɗu, goge kamar huɗu, piyano da babban gogen bas. Wanda ka ji da ganga irin ta fareti na gasar rawar Turai ne.

Na biya mai tura waƙoƙi ya cika mini memori, an rubuta "sitiriyo", amma sautin kamar daga cikin rijiya.

Yawwa, ga inda kuɗin mutane ke zurarewa. Duk tangon da aka ɗauka a shekarun 1930 da 1940 sauti ɗaya ne, ba sitiriyo mai fitowa ta gefe biyu ba, a faifan garmaho mai juyi 78 a minti, kowane gefe kamar minti uku. Wanda ya ce maka ɗaukar 1937 sitiriyo ce, jabu ya ba ka: an raba sautin gida biyu an zuba masa amsa-kuwwa, sai kaifin bugun D'Arienzo ya narke.

Cuta ta biyu share ƙarar faifai. Na'urar da ke cire wannan "shhh" takan tafi da saman muryar goge, a bar ka da kiɗa a toshe. Faifan da ya yi tsit fiye da kima abin zargi ne. Ta uku gudu: idan aka juya faifan a 80 maimakon 78, murya ta ɗaga, kiɗan minti uku ya rasa daƙiƙa 4 ko 5, bandoneon ya koma tsiwa. Kafin ka biya, duba ko an rubuta sunan ƙungiya da shekara. "Tango 1, Tango 2" ba suna ba ne. Saurara da abin kunne, domin ƙaramar sifikar waya ba ta fitar da bas, ga shi shi ne ke ɗauke da bugun. Kuma kada yawa ya ruɗe ka, guda 20 masu kyau sun fi 500 na tarkace.

Na ga bandoneon mai araha a intanet.

A kula. Irin wanda ake tango da shi maɓalli 71 gare shi, galibinsu na ba da murya daban in an ja da in an matsa. Tsofaffin ƙirar Alfred Arnold na Jamus ba sa araha, kuma in zugazuginsa ya tsage, mai gyara sai an nemo shi a wata ƙasa.