Tambaya da Amsa: Shin manhajar kwamfuta za ta riƙe mini saitin dish mai juyawa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina da babban dish mai ƙafa takwas wanda jak ke juyawa, da akwatin fozishona kusa da risiba. Sau da yawa nakan danna tashar da ke nuna sallar Harami, dish ya tafi ya tsaya, amma allo ya zauna baƙi. Kwanan baya na sauya risiba, komai ya watse, sai da na sake kiran mai gyara. Ɗan ƙanena ya ce akwai manhajar kwamfuta da ake adana saitin a cikinta, a mayar da shi duk lokacin da ya ɓace. Shin gaskiya ne, kuma za ta raba ni da wannan wahala?
Mai karatu daga Mabera, Sakkwato.

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malam. Ɗanka ya faɗi gaskiya, manhajar tana nan, sai dai ba dukkan saitin take iya riƙewa ba, domin saitin dish mai juyawa ba a wuri guda yake zaune ba. Wani ɓangarensa yana cikin risiba, wani yana cikin fozishona, wani kuma yana jikin ƙarfen da ke tsakar gidanka, kuma kwamfuta ba ta kaiwa sai ga na farko.

Taurarin ɗan'adam da muke kamawa suna jere ne a kan layi guda, sama da tsakiyar duniya, a nisan kilomita 35,786, kowanne da digirinsa. Nilesat yana kan digiri 7 yamma, Badr na Arabsat yana kan 26 gabas, namu na Najeriya, NigComSat-1R, wanda aka harba daga ƙasar Sin a watan Disamba na 2011, yana kan 42.5 gabas. Aikin jak shi ne ya kai fuskar dish daga wannan zuwa wancan a kan layin, risiba kuma tana ba shi umarni ta cikin wayar da ke ɗauko sigina, da wani tsari mai suna DiSEqC wanda kamfanin Eutelsat ya ƙirƙiro. Kashin da ya shafi juya dish shi ne DiSEqC 1.2. A wannan tsari risiba ba ta san inda tauraro yake ba ko kaɗan, abin da kawai take cewa shi ne a tafi mazauni na uku, ko na bakwai. Fozishona ce ta san ma'anar wannan lamba, domin ita ke ba jak wuta mai ƙarfin bolt 36, ita kuma ke ƙirga bugun da wani ɗan makunnin maganaɗisu da ke cikin jak yake aikowa yayin da yake miƙewa ko komawa. Lambobin nan da kake gani suna gudu a fuskar akwatin lokacin da dish ke tafiya, su ne wannan ƙirgen.

Da wannan za ka gane abin da ya faru ranar da ka sauya risiba. Mazaunan taurarinka ba su ɓace ba, suna nan cikin fozishona yadda aka bar su. Sabuwar risibar ce ba ta san cewa Nilesat ne na ɗaya, Badr ne na huɗu ba. Da a ce lambobin suna rubuce a wani wuri, da aikin bai wuce shigar da su da rimot ba. A nan ne mutane da yawa ke yi wa kansu ɓarna, domin maimakon su zaɓi umarnin tafiya zuwa mazauni, sai su danna na ajiyewa, wanda ake rubutawa Store ko Save, nan take su goge mazaunin kirki su maye gurbinsa da inda dish ya tsaya a lokacin.

Game da manhajar kanta, ya danganta da irin risibarka. Idan mai aiki da tsarin Enigma2 ce, irin su Dreambox da Vu+, akwai DreamboxEdit da DreamSet, waɗanda ke haɗa kwamfuta da risiba ta hanyar sadarwar gida, su kwaso jerin taurari da tashoshi, ka gyara su da madannai cikin natsuwa, ka mayar. Jerin taurari da firikwensinsu yana cikin fayil mai suna satellites.xml, tashoshi suna cikin lamedb, amma lambobin mazauni suna tare da saitin risibar kanta, don haka sai an yi cikakken kwafin ajiya daga cikin risiba kafin a ce an tsira da su. Idan kuwa risibar yau da kullum ce irin wadda ta fi yawa a shagunan garin nan, galibinsu suna da wurin kwafe bayanan mai amfani zuwa filash, kuma wannan ya wadatar, ko da babu kwamfuta a gidan. Abin da nake ja maka kunne a kai shi ne karɓar fayil ɗin wani. Lambobin mazaunin maƙwabcinka ba naka ba ne, jerin tashoshin da ake saukowa da shi daga intanet kuma sau da yawa na Turai ne, cike da taurarin da haskensu ba ya isowa nan, kuma fayil ɗin da aka yi don wata risiba daban yana iya hana taka tashi gaba ɗaya.

Akwai wani tsarin da manhaja ke riƙe kusan komai a cikinsa, wato USALS, wanda kamfanin Stab na Italiya ya fito da shi. Shi ba ruwansa da lambar mazauni. Kana shigar da matsayin garinka ne, wanda ga Sakkwato ya kama digiri 13.0 arewa da 5.2 gabas, risiba ta yi lissafin kusurwar kowane tauraro da kanta. Sai dai an yi shi ne don ƙananan injinan juyawa masu ɗaukar dish da bai wuce mita 1.2 ba, kuma galibin fozishonar jak ba sa jin wannan yare, saboda haka ga dish irin naka ba shi ne mafita ba.

Matsalarka ta farko kuwa, ta dish ya tsaya allo ya zauna baƙi, ka gwada ta kamar haka. Idan duk taurarin sun goce gefe guda, har ya zama ɗan tura dish gabas ko yamma na dawo da kowannensu, to ƙirge ne ya zame, kuma yawanci hakan na faruwa idan an ɗauke wuta dish yana cikin tafiya, ko ƙurar hunturu da tsatsa sun taɓa mahaɗin siraran wayoyin makunnin. Maganinsa shi ne ka kai dish kan tauraron da ka tabbatar da lambarsa, ka nemi sigina mafi ƙarfi, sannan ka ba da umarnin sake lissafi, sauran mazaunan za su bi sahu. Amma idan taurarin tsakiya suna fita tas, na can gefe sun ɓace, to ƙarfe ne ya motsa, ko dai sandar ta karkata ko kuma iskar farkon damina ta murɗa kan dish a jikinta, kuma babu manhajar da za ta gyara wannan. Mu a Sakkwato mun yi dace da tauraron SES-5 da ke kan digiri 5 gabas, kusan daidai da layin garinmu, yana kudu sak kuma sama ƙwarai, wajen digiri 75 daga ƙasa, don haka da shi ya kamata mai gyara ya fara daidaita tsakiya. Idan ya gama, ka sa ya ɗora awon ruwa a ɓangarori biyu na sandar a gabanka, sannan a ja layin fenti guda daga wuyan dish zuwa jikin sandar, ta yadda duk ranar da ya murɗe za ka gani da idonka. Ka kuma tabbatar an sa iyakar gabas da ta yamma, don kada jak ya tura dish ya bugi katanga.

Shawarata, ko ka samu manhaja ko ba ka samu ba, ka buɗe shafi a littafi ka rubuta sunan kowane tauraro, digirinsa, lambar mazauninsa, ƙirgen da fozishona ta nuna, da firikwensi guda mai ƙarfi na gwaji. Ƙirgen nan ba ya shiga kowane fayil na risiba, kuma shi za ka nema ranar da fozishonar kanta ta lalace.

TAMBAYA: Wasu ranaku sigina yakan ɗauke na 'yan mintoci da rana tsaka, babu hadari babu iska, ya dawo da kansa. Saitin ne yake zamewa?
Mai karatu daga Arkilla, Sakkwato.

AMSA: A'a, Malam, idan abin ya faru wajen tsakiyar Maris ko ƙarshen Satumba, rana ce ta bi ta bayan tauraron, ƙarfin haskenta ya rinjayi siginar da ke shiga LNB, wato na'urar da ke gaban dish mai karɓar sigina. Yakan ɗauki 'yan kwanaki a jere, kusan a lokaci guda kullum, taurarin gabas irin Badr da hantsi, na yamma irin Nilesat bayan rana ta karkata. Kada ka taɓa saiti a wannan lokaci, musamman umarnin ajiye mazauni. Ka jira mintocin su wuce, hoto zai dawo.