Tambaya da Amsa: Taron unguwarmu ya watse, ina gyara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Mun kira taro a mazaɓarmu kan rijiyar burtsatse da ta lalace, sai ya koma cacar baki tsakanin 'yan jam'iyyu. Yaya za mu yi kansila ya saurare mu? Daga wata mai karatu a Funtuwa.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Yawanci tun daga gayyata ake ɓata taro. Ku tsayar da batu ɗaya tak, ku sanar da mai unguwa da liman mako guda kafin ranar, a zauna a makarantar firamare, ba ofishin jam'iyya ba. Kada ɗan takara ko na hannun damansa ya jagoranci zaman.

A ba kowa minti biyu, kuma mata da matasa su fara. In dattawa suka riga su magana, kunya kan rufe musu baki, alhali matan da yaransu ne ke ɗaukar jarkar ruwa.

Sakatare ya rubuta abin da aka yanke, da wanda zai bi sahu, da ranar dawowa. A kai takardar ga kansila da sakatariyar ƙaramar hukuma, a buga hatimin karɓa a kwafinku. Ku kai kafin a kammala kasafin shekara mai zuwa, in ba haka ba za a ce ku jira baɗi. In an yi shiru, ku nemi bayanin kasafin a rubuce bisa dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, wadda ta ba hukuma kwana 7 ta amsa.