Jitar ƙananan masu ƙira: ina kuɗin yake tafiya, kuma ya dace in ba da oda?

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekarata tara ina kaɗa jita, kuma wadda nake da ita ta babban kamfani ce, ba ta taɓa ba ni kunya ba. Yanzu na ɗan tara kuɗi, ina so in sayi wadda zan riƙe har tsufa. Sai na ga jitocin ƙananan masu ƙira irin su Collings da Lowden da Suhr sun ninka tawa kuɗi sau uku ko huɗu. Da gaske ingancin ya kai haka, ko suna kawai ake saya? In kuma na yanke shawarar saya, in ɗauki wadda ke rataye a shago ne, ko in ba da oda a ƙera min yadda nake so?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Sayar da irin waɗannan jitoci ita ce sana'ata, don haka ka san da wanda kake magana: in ka saya ina da riba. Duk da haka zan faɗa maka abin da nake faɗa wa duk wanda ya zo ya zauna a gabana da wannan tambaya.

Waɗanda ake kira ƙananan masu ƙira ba iri ɗaya ba ne. Akwai mutum ɗaya a ɗakin aikinsa, daga zaɓen katako har ɗaura tsirkiya shi ne, kamar Ervin Somogyi a Oakland ko James Olson a Minnesota. Irin wannan jitoci kaɗan yake iya ƙerawa a shekara. Akwai kuma ƙananan masana'antu masu ma'aikata gommai: Collings a Austin ta jihar Texas, Santa Cruz da Richard Hoover ya kafa a 1976, Bourgeois a jihar Maine, da Lowden da George Lowden ya fara a Arewacin Ireland a 1974. Sannan manyan kamfanoni ma suna da sashensu na aiki na musamman, kamar wanda Fender ta buɗe a 1987. Sunayen da ka ambata duk 'yan rukuni na biyu ne, kuma a kansu zan fi tsayawa.

Ka fara cire maganar "aikin hannu" daga ranka, domin tana ruɗar masu saye. Mafi yawan waɗannan gidaje suna yanka wuya da gangar jita da injin da kwamfuta ke sarrafawa, wasu kuma suna daidaita ƙarafan wuya, wato siraran ƙarafan da aka jera a kan wuyan jita inda yatsa ke danne tsirkiya, da injin Plek da ake ƙerawa a Jamus. Wannan ba abin kunya ba ne, inji ya fi hannu iya maimaita awo ɗaya sau dubu. Bambancin yana wurin da inji ba shi da ta cewa.

Ɗauki fuskar jita mara lantarki, wato siririn allon da tsirkiyoyi ke ja. Tsirkiyoyin ƙarfe shida suna jan sa da nauyin da ya kai kusan kilo 70, dare da rana, shekara da shekaru. Dole ya yi ƙarfin da zai jure, kuma dole ya yi rashin nauyin da zai motsa ya ba da sauti. To, alluna biyu ko da daga bishiya ɗaya aka tsago su, ba sa zuwa da tauri ɗaya. Babban kamfani da ke fitar da ɗaruruwa a rana ba zai tsaya kan kowane allo ba. Awo ɗaya yake yanka wa duka, kuma yana barin kaurin da mafi raunin allon ma ba zai tsage a dawo masa da shi ba. Shi kuwa ƙaramin maƙeri yana lanƙwasa allon a hannunsa, ya ƙwanƙwasa ya saurara, ya rage kauri, ya sassaƙe sandunan da ke manne a ƙarƙashinsa, ya sake ƙwanƙwasawa, har allon ya buɗe murya. Dana Bourgeois, wanda ya kafa gidan Bourgeois, ya yi suna da wannan aiki. Sa'o'in da ake kashewa a nan su ne kaso mafi halal a cikin kuɗin da za ka biya.

Kuma tsohuwar magana ce. A 1862 Antonio de Torres na Sifen ya ƙera jita wadda baya da gefunanta na takarda mai kauri ne, fuskarta kaɗai ce katako mai kyau, don ya nuna inda sauti yake fitowa. Tana nan a gidan tarihin kiɗa na Barcelona. A 1995 Bob Taylor na kamfanin jita na Taylor ya yi makamancin haka da katakon da ake jera kaya a kai a sito. Ka riƙe wannan, za mu dawo kansa in mun zo maganar oda.

A jita mai lantarki irin ta Suhr, katako bai kai haka tasiri ba. Abin da kake biya shi ne ƙarafan wuya da aka goge har ba wanda ya ɗara ɗan'uwansa, wuya da ya zauna daram a gurbinsa, na'urorin ɗaukar sauti da aka naɗa don su dace da juna, da jitar da za ka ja tsirkiyarta yadda kake so ta koma daidai inda take.

Shin sautin ya ninka sau uku? A'a, bai ninka ba, kuma duk mai shagon da ya ce maka ya ninka, ciniki yake nema. Na sha ɗaukar jitar babban kamfani wadda ta yi dace da allo mai kyau, ta tsaya kafaɗa da kafaɗa da mai tsada. Abin da na lura da shi cikin shekarun da na yi ina buɗe kwalaye shi ne, a kayan babban kamfani sai ka bi da yawa kafin ka tsinci wadda ta fita daban, a kayan ƙaramin gida mai kyau kuwa wadda ba ta kai ba ita ce baƙuwa. Tabbacin nan kake saya, tare da ɗan ƙarin da kunnen da ya shekara tara yana sauraro zai ji.

Sauran kuɗin kuma? Wani yana tafiya a katakon da aka saya aka ajiye shekaru yana bushewa, da wanda aka duba aka ƙi. Wani doka ce ta ƙara shi. Tun 1992 CITES, yarjejeniyar ƙasashen duniya kan cinikin dabbobi da tsirran da ke fuskantar ƙarewa, ta sa katakon rosewood na Brazil a jerin da aka fi tsananta wa, don haka wanda ya rage na halal tsohon ajiya ne mai takardu, kuma tsallaka iyaka da jitar da aka yi da shi sai da izini. A farkon 2017 an sa sauran dangin rosewood a ƙarƙashin takunkumi, ciniki tsakanin ƙasashe ya yi wuya, sai a ƙarshen 2019 aka sassauta wa kayan kiɗa da aka riga aka ƙera, ban da na Brazil. Wani kason kuma nawa ne. Ni nake biyan kuɗin jitar tun kafin ta iso, ta rataya watanni a ɗakin da nake tsare danshinsa tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari don kada ta tsage, in gyara mata zama kafin ta fita, in tsaya maka in matsala ta taso. Shi ya sa ba ka samun ragi mai yawa a irin wannan kaya.

Suna ma ana saya, ba zan ɓoye maka ba. Tun da mawaƙi James Taylor ya fara hawa dandamali da jitar Olson a ƙarshen shekarun 1980, layin masu jira ya yi tsawo, farashi ya bi shi. Aikin mai kyau ne tun asali, amma abin da ya ƙaru a kai kuɗin suna ne.

Yanzu maganar oda, wadda ita ce ta fi damuna, domin a nan na fi ganin mutane suna nadama.

Takardar zaɓi in aka miƙa maka tana da daɗin karantawa, kuma ido ne yake fara zaɓe: katako mai zane kamar harshen wuta, ado da ɓawon kawa a kewayen fuska, maɓallai masu ruwan zinariya. Duk waɗannan suna ɗaga farashi sosai, kuma ba abin da suke ƙara wa sauti. Ka tuna da jitar Torres. Zaɓin da ya cancanci kuɗinka shi ne wanda hannu ke taɓawa ko kunne ke ji. Faɗin wuya a sama, milimita 43 ko 44.5: tazarar ba ta kai kaurin ashana ba, amma mai kaɗawa da yatsu ya san ta a minti ɗaya. Kaurin bayan wuya da siffarsa. Tsawon tsirkiya, inci 25.5 irin na Fender ko 24.75 irin na Gibson, wanda ke canza taurin da yatsa ke ji. Girman ganga, da ko wuya zai haɗu da ita a ƙarfe na 12 ko na 14. Sai katakon fuska: cedar yana amsawa da taɓawa kaɗan, spruce na Adirondack kuwa yana son a buga shi da ƙarfi kafin ya saki murya. Waɗannan zaɓuɓɓuka galibi su ne mafi araha a takardar, wasu ma kyauta ne.

Wani mutum ya taɓa ba da oda ta hannuna, ya cika ta da ado, ya sa aka rubuta sunansa a kan wuya. Na ba shi shawara ya bari, bai ji ba. Ya jira fiye da shekara, jitar ta iso kyakkyawa, sai ga shi wuyan ya yi masa kauri, domin a waya ya zaɓe shi bai taɓa riƙe irinsa ba. Da ya dawo in sayar masa, ta daɗe a rataye, kowa ya yaba ya wuce, ba mai son kaɗa jita da sunan wani a kanta. Har yau abin yana min ciwo, don na san yadda ya tara kuɗin.

Oda sayen kifi a ruwa ne. Ba za ka ji muryar jitar ba sai ta zama taka, kuma kafin alƙalamin da ka bayar yawanci ba a mayarwa. In dole sai ka yi, a rubuta komai: farashin ya tsaya ne ko zai bi na ranar da aka gama, yaushe za a gama, kwana nawa aka ba ka ka gwada ka mayar, da abin da zai faru da kuɗinka in maƙerin ya kwanta ciwo ko ya rufe. Wannan na ƙarshe ya fi muhimmanci in mutum ɗaya ne ke aikin. Kuma kada ka je wurin maƙeri ka ce ya yi maka muryar wani. Lowden tana da tata, masana'antar Martin da ke aiki tun 1833 tana da tata. Ka zaɓi wanda sautinsa ya riga ya kama ka, ka bar shi ya yi abin da ya iya.

Ka ce za ka riƙe ta har tsufa, Allah ya sa haka, amma ka yi lissafin ranar sayarwa. A 1985 tsofaffin ma'aikatan Gibson suka kafa kamfanin jita na Heritage a tsohuwar masana'antar Gibson da ke garin Kalamazoo a Amurka. Ginin shi ne, hannuwan su ne, amma kasuwar kayan hannu sunan da ke kan jita take fara karantawa. Gidajen da suka kafu kamar Collings ba sa wuyar samun mai saye. Maƙerin da ba a sani ba, komai kyan aikinsa, kai za ka ɗauki asarar.

Kai da ka shekara tara da jita ɗaya wadda ba ta ba ka kunya ba, shawarata ka ɗauki wadda ke rataye. Ka auna faɗin wuyan taka da tsawon tsirkiyarta, ka sa mata sababbin tsirkiyoyi, ka tafi da ita shagon. Ka kaɗa abu ɗaya a kan taka da kan waccan, kada ka duba farashi sai ka gama. Sannan ka miƙa wa wani ya kaɗa su kana zaune a gabansa, domin mai kaɗawa a bayan sautin yake, ba ya jin abin da mai sauraro ke ji. Ka tambaya ko akwai ta hannu mai tsabta, wadda wani ya riga ya ɗauke maka faɗuwar farashin farko. In ka zagaya duk ka rasa faɗin wuyan da hannunka ke nema, to a lokacin ka dawo mu cika takardar oda, da awon a hannunka.